Gemun Baba da Lamba Uku

Ni mai aski ne a da. Ina da 'yar rumfa bakin tashar Agiye, madubi ɗaya, benci ɗaya da injin aski, kuma ban taɓa kwana da yunwa ba. Cikin matajan roba da ake maƙala wa bakin inji, na fi son lamba uku, na tsakiya: ba ya kwashe gashi ƙwal, ba ya barinsa ya yi daji. Da shi nake gyara wa Baba gemu kowace Juma'a da hantsi. Sai ya zauna, ya lumshe ido, ya ce, "Bi a hankali, ɗana, gemun nan ya girme ka." Wallahi har yau ina jin laushin furfurar nan a yatsuna.

Ɓarnar ta faro ne daga abin da bai kai ya kawo ba. Wayar wani ta zame a benci, na rufe ta da tsumma, na yi shiru. Ba wanda ya tambaye ni, sai zuciya ta ce ashe abin ba wuya.

Mai aski kuwa kunne gare shi. Ranar kasuwa makiyayi zai sayar da sa, ya zo aski, yana kan benci yana ba ni labarin cinikin. Wani abokin shayina da ake ce wa Dogo ya lura da haka. Ya ce, "Kai ba za ka taɓa kowa ba. Alama kawai za ka yi mana, rabonka ya iske ka." Na yarda, Allah Ya yafe mini. Duk wanda na ji aljihunsa da nauyi, sai in ce, "Bari in rage maka gemu, kyauta." In bi shi da lamba uku, in baɗa masa farar hoda a wuya. Yaran Dogo na tasha suna kallo, su bi shi a babur har inda hanya ta yi shiru.

Wata ranar kasuwa, ba Juma'a ba, sai ga Baba cikin farar riga, za shi sunan jika a Gazawa. "Gyara ni in shiga mutane," in ji shi. Hannu ya riga tunani. Na ɗora lamba uku yadda na saba, na baɗa hoda, har na tare masa ɗan kabu-kabu, mai babur ɗin haya. Sai da suka ɓace na tuna. Innalillahi! Na yi ta kiran wayar Dogo, a kashe.

Da la'asar aka tsince shi gefen hanya, ƙugu a karye. A likita, kan gadon jinya, ya kama hannuna ya ce, "Sun yi ta cewa in fito da kuɗin san da na sayar, wai an yi mini alama. Wace alama ce, ɗana?" Daga nan ban zame ko'ina ba sai wurin jandarma, na faɗi komai da bakina.

A gidan kaso na Maraɗi ni nake yi wa 'yan kaso aski da reza, ƙwal, ba lamba ba hoda. Duk Juma'a da hantsi sai kewar Baba ta kama ni. Da ƙanwata ta zo dubiya na tambaye ta wa ke gyara wa Baba gemu. Ta ce, "Yaya, ya hana kowa taɓawa. Ya ce mai askinsa ya yi tafiya, zai jira."

"Ya san ni ne?"

"Ya sani."

Wannan magana na riƙe shekarun nan duka. Kullum ina tsara yadda zan durƙusa in nemi gafara, sannan in ɗauko inji.

Ranar da aka sake ni na shiga gida, na iske Inna ita kaɗai a tabarma. Baba ya rasu tun damina, sun ɓoye mini. Ta kwance bakin zane ta miƙo mini matajin nan lamba uku, wai a aljihunsa aka same shi. Ta ce gemun ya kai masa ƙirji.

Na tuba, na koma sana'ata, amma ku matasa ku ji ni. Wanda ya ba ka kansa ya lumshe ido, amana ya ba ka, kada ka ci. Kada kuma wani ya ruɗe ka da cewa ai kai ba ka taɓa kowa ba, ni ma haka aka ce mini. In mahaifinka na raye, je ka gyara masa gemu yau. Ni ga lamba uku a aljihuna, ba gemun da zan ɗora shi a kai.