Kwanon Inna Hajo

Duk wanda ya ce mini yaro bai san abin da yake yi ba, kallonsa kawai nake yi. Ni ma na yi yarinta, na kuma san abin da na aikata ina 'yar shekara tara, da wayona sarai. Ba wanda zai ce a lokacin ban san sata ba kyau ba. Na sani, na yi, kuma har yau in na tuna sai in ji kamar in nutse.

A Ƙofar Marusa muke, a gidan kakanmu, shekarar da sojoji suka koma bariki suka bar wa farar hula mulki. Iya, mahaifiyar babana, ita ce babbar gidan. Sunanta na ci, shi ya sa ba mai kama sunana a gidan: kowa Uwani, ita kuwa takwara take ce mini. Da sanyi ya fara shigowa, in an ci tuwo an yi sallar isha'i, sai ta ja tabarmarta kusa da murhu inda sauran garwashin girki yake, ta sa a ƙara kara biyu ko uku. Mu jikoki mu kewaye ta muna tura gyaɗa cikin toka. Iya ba ta fara tatsuniya haka kawai. Sai an roƙe ta, ta gama mitar ciwon gwiwa, ta ce mun fi sauro damun mutum, ta ɓare goro ta jefa a baki. Sannan ta gyara murya ta ce, "To ga ta nan tahe, kowa ya kama bakinshi." Mu ce ta iso muna ji.

Gida uku ne tsakaninmu da Inna Hajo, aminiyar Iya tun suna amare. Mijinta ya daɗe da rasuwa, tana zaune wajen ɗanta Malam Sule, malamin firamare, tana suyar ƙuli-ƙuli. Kullum kafin magariba Iya takan aika mata da tuwo a 'yar langa, da miya a kwano mai murfi. Ba don Inna Hajo ta rasa abin ci ba, gidansu ana ɗora tukunya kamar kowa. Kwanon gaisuwa ne, shekara da shekaru ana kai shi. Iya da hannunta take tsamo tsoka biyu masu laushi ta sa, don Inna Hajo ba ta da haƙoran jan jijiya. Ranar da aka yi miya ba nama kuwa, ba ta taɓa aikawa shiru. Sai ta ce, "Ki ce mata ta yi haƙuri, yau tukunya ba ta ga mahauci ba." Ni ce 'yar aiken, kuma duk zuwa Inna Hajo sai ta ba ni tukwicin ƙuli mai zafi.

A shekarar nan siyasa ta shiga tsakanin babana da Malam Sule. Kowa da jam'iyyarsa. An ce wata magana Malam Sule ya faɗa a majalisar ƙofar gida, aka kawo wa Baba ita da ƙari, shi ke nan gaisuwa ta yanke. An yi zaɓe an gama, an rantsar da waɗanda suka ci, amma su biyun ba su sauka ba. Baba yakan shigo gida yana huci yana cewa mutanen can ba su da mutunci. Iya ta ce da shi, "Siyasarku ta tsaya maku a zaure. Kada wanda ya shigo mani da ita tsakar gida." Kwano bai fasa fita ba.

Tsakani da Allah, ranar farko ba siyasa a raina, kwaɗayi ne tsagwaronsa. Akwai wani lungu tsakanin gidajen, bayan wata katanga da ruwa ya zubar. Miyar kuka ce da man shanu, ƙamshi yana dukan hancina. Na duba gabas, na duba yamma, na buɗe murfi na jefa tsoka ɗaya a baki, na goge hannu a zane. Washegari duka biyun na cinye. Sai da na yi kwana uku ina yi sannan na samo wa kaina hujja: ai gidan maƙiyan Baba ne, don me za su ci namanmu? Ka ji fa. Na riga na haɗiye nama, sannan dalili ya biyo baya yana haki.

Inna Hajo a gabana take buɗe kwanon. Ta sa cokali ta juya miya, ta ɗago ta dube ni.

"Ba saƙo?"

"Babu, Inna."

Sai ta rufe, ta miƙo mini ƙulina kamar kullum, ta ce in gai da Iya. Ni kuwa in karɓa in taho ina tauna. Haka muka yi wajen sati uku. Ranar nan ko murfin ba ta ɗaga ba, ta ce, "Ki ce ma Iya an gode, Allah ya saka da alheri. Amma ta huta da kwanon nan haka, cikina ya bar karɓar tuwon dare."

Na kawo saƙo kamar yadda aka ba ni. Iya tana tsinke zogale, hannunta ya tsaya cak. Ta ce, "Haka ta ce?" Na ce haka ta ce. Sai ta dubi mahaifiyata ta ce, "Ashe Hajo ma ta shiga jam'iyya." Ba ta je ta tambaye ta ba. Mutanen da ba sa bin ba'asin irin wannan, wai kawaici, kowa ya haɗiye tasa. Ita Inna Hajo ta ga miya ba nama kuma ba ban haƙuri, ta ɗauka Iya ce take gaya mata magana a cikin kwano saboda ɗanta. Iya kuwa ta ɗauka an mayar mata da abincinta saboda nata ɗan. A duk Katsina ni kaɗai na san gaskiya. Abin da na ji a raina ranar, in faɗa ko da kunya, daɗi ne, don an rufe maganar ba a kama ni ba.

A cikin satin ne Iya ta yi mana tatsuniyar yarinya da ƙadangare.

Wai wata yarinya ce ake aike da abincin ubanta gona. In ta kai gindin wata tsamiya sai ta sauke, ta ci rabi, ta shafe saman tuwon da hannu ta wuce. Ba kowa a wurin sai wani ƙadangare mai jan kai a jikin itacen. Duk lomar da ta kai baki, sai ya gyaɗa kai. Abin ya dame ta, ta yi masa waƙa:

"Ƙadangare mai jan kai,
ka gani ko ba ka gani ba?"

Shi dai gyaɗa kai kawai yake yi. In Iya ta zo nan sai ta noƙe wuya ta yi irin nasa, mu kuwa mu kwashe da dariya muna kwaikwayo. Yarinya ta jefe shi da hoge, ta sake wuri, ta koma bayan suri. Tana buɗe ƙwarya sai ga wani yana gyaɗa mata kai. Ta shiga cikin dawa, nan ma haka. Uban yana can yana noma da rabin ciki, yana ta rama, bai kuma taɓa cewa abincin ya yi kaɗan ba. Rannan sai ta sami wani kango, ta shiga, ta leƙa kowane rami, ta toshe kowace kafa da ƙasa, ta tabbata ko kiyashi babu. Ta zauna ta kai loma baki. Sai ta ji kanta, nata na wuyanta, ya fara gyaɗawa da kansa. Ta riƙe shi da hannu biyu, ya ƙi tsayawa. Haka ta shigo gari tana gyaɗa kai, kuma bai bari ba sai da ta durƙusa gaban uban ta faɗi abin da take yi. Iya ta tafa hannu ta ce, "Nan ta tsaya, wanda ya ji ya ji."

Ɗaya daga cikin yaran gidanmu ya ce, "To Iya, ai a kangon ba wanda ya gan ta."

Iya ta tura kara cikin wuta ta ce, "Ita ɗin ba mutum ba ce?"

Na sha jinin jikina. Na yi tsuru-tsuru, gyaɗata ta ƙone a toka ban ciro ba. Na ɗauka ta sani, da ni take. Amma ka san yadda na fahimci tatsuniyar? Tsoro kawai. Na koma ina kewaye duk katangar da na hango ƙadangare, ina sandare wuya in Iya na kallona kada kaina ya tona ni. Sau biyu na je bakin ƙofarta da niyyar faɗa. Na farko bulalar Baba na tuna, na juya. Na biyun, a lokacin na ɗan ƙara girma, bulala ba ta dame ni ba, sunan da za a laƙaba mini na hango, a riƙa nuna ni a unguwa ana ga ɓarauniyar nama. Duk lissafina a kaina yake ƙarewa: me za a yi mini, me za a ce da ni. Ko sau ɗaya Inna Hajo ba ta faɗo mini a rai ba.

Abin haushin, Baba da Malam Sule ba su rufa shekara ba suka shirya a wajen wani ɗaurin aure, suka koma zama benci ɗaya suna dariya. Tsofaffin nan biyu kuwa ba su taɓa yin faɗa ba, balle a sasanta su. In sun haɗu a gidan suna sukan gaisa, doguwar gaisuwa cikakka, ina gajiya, ina iyali, ina sanyi, sannan kowacce ta nemi tabarma daban.

Bayan shekara biyu, da damina, Inna Hajo ta rasu. Duk unguwa an san alkawarin da ke tsakaninsu tun suna da ƙuruciya, cewa wadda ta riga tafiya, ɗayar ce za ta yi mata wanka. Amma mutanen gidan sun ga yadda zaman ya koma, sai suka kira wata. Iya ta je ta zauna cikin 'yan gaisuwa kamar kowace maƙwabciya, ta yi addu'a ta dawo. Sanyin shekarar ko sau ɗaya ba ta ja tabarma bakin murhu ba.

Na yi aure, na dawo gida wankan haihuwar fari. Wata rana da hantsi wata maƙwabciya ta aiko yarinyarta da kwanon farfesu. Na buɗe a gabanta, na sa cokali na juya, na ɗago na dube ta. Wallahi a nan abin ya same ni. Na ga kaina a zaune inda Inna Hajo take zama: tsohuwa ta buɗe kwanon aminiyarta, ta lalubi abin da aka saba sa mata ta rasa, ta jira kalmar ban haƙuri ba ta zo ba, yau da gobe har sati uku, kuma duk da haka ta miƙa wa 'yar aike ƙuli. Shekara goma sha wani abu ina jin tsoron abin da na yi, ina jin kunyarsa, amma sai ranar na ji zafinsa a jikin wadda aka yi wa. Ina ganin haka abin yake zuwa wa mutum, a hankali. Tsoron duka yana zuwa da wuri, kunyar idon jama'a ta biyo. Shiga cikin zuciyar wani ka ji abin da ya ji kuwa, ba ranar da aka sa masa, wani ma har ya tsufa bai zo masa ba.

Na ajiye jariri na shiga ɗakin Iya. A lokacin idonta ya yi rauni, ba ta cika fita ba. Na durƙusa na faɗa mata komai, tun daga lungu har saƙon ƙarshe. Ina magana ina jiran ta ce ai ta daɗe da sani, don ni ta yi tatsuniyar. Ashe ko kaɗan ba ta sani ba.

"Naman kike cinyewa?"

"E, Iya."

"Kullum ina sa mata. Ko nawa ne sai in hana bakina in sa mata."

"Na sani, Iya."

Sai ta ce, "Kayya, takwara. Da kin hwaɗi tana da rai, ai dariya za mu yi, ni da ita. Ta ja maki kunne, shi ke nan." Ta goge ido da bakin mayafi. "Ni na yahe maki, ɗiya ce ke a lokacin. Amma Hajo ta tahi tana ganin ni na raina ta."

Ta ce in tashi in ba ɗana nono, ga shi can yana kuka. Ina fita na ji tana kiran sunan Hajo a hankali, tana nema mata rahama.

Yanzu ni ma ina da jikoki, kuma mutane suna ganina da mutunci. Iya ta yafe mini tun a ranar, ba ta sake ta da maganar ba har ta koma ga Allah. Amma wadda ya kamata ta ji gaskiyar nan gida uku ne tsakanina da ita, na yi shekara biyu ina wuce ƙofarta, ban shiga ba.