Injin da Mainasara Ya Rufe a Rumbu

Duk wanda ya saba zuwa kwatar jiragen ruwa ta Wara da yamma ya san Mainasara, Allah ya jiƙansa, domin shi kaɗai ne mai jirgin da ba ya kashe inji. Idan ya sauke fasinjan ƙarshe, sai ya zare tiyon mai, ya tsaya ya riƙe ƙugu yana saurare, har injin ya yi tari ya mutu don kansa. Matasa suna yi masa ba'a, wai Baba na jiran inji ya yi masa sallama. Tsofaffi kuwa ba sa dariya, don sun san mafarin abin.

A Gungun Maliki aka haife shi, wani tsibiri a tsakiyar kogin Kwara, inda ake noman albasa da rani, gero da damina. Mahaifinsa ya rasu da wuri, sai uwarsa, Inna Tamada, ta raine shi. Ita ta koya masa yadda mutanen gungu ke ajiyar iri: a cika tukunya har baki, a barbaɗa toka, a yaɓe da laka. Kullum faɗarta, abin da aka rufe da sauran fili a ciki, iska za ta shiga ta ɓata shi.

Bayan an sami 'yancin kai albasa ta yi masa kyau, ya sayi injin jirgi na hannu a Yelwa. Shi ne na farko a gungunsu. Ranar da ya iso da shi, Inna Tamada ta toshe kunne ta ce, "Wanga abu ko aradu!" Amma ko makon bai zagayo ba, tun daga nesa take gane ƙararsa, ta ce wa surukarta Zuliha ta ɗora ruwan tuwo, maigida ya taho.

Sai zancen dam ɗin Kainji ya zo. Aka ce ruwa zai ci gungu, aka kwashe mutane da rani zuwa sababbin gidaje a tudu, kusa da Wara. Inna Tamada ta ce ba inda za ta. Kabarin mijinta na nan, gonarta na nan, kuma tun tana yarinya ruwa bai taɓa wuce gindin tsamiya ba.

"Inna, wannan ba ruwan Allah ba ne na kullum, tare shi aka yi," in ji Mainasara.

"To bari in noma gerona in yanke tukuna. In ruwan ya taho, ba kana da aradunka ba? Ka zo ka ɗauke ni."

Ya yi mata alkawari. Ya bar mata hatsi da awakinta, yana leƙa ta da ƙaramin jirgi tun kogin bai fara cika ba.

A tudu kuwa aikin sassabe ya sha kansa, ga shi shekarun yaƙin basasa ne, fetur sai an yi sa'a. Sai ya ga gara ya adana injin domin ranar alkawari. Ya yi masa ajiya irin ta abin da ake ƙauna. Ya cika tanki har baki da fetur haɗe da baƙin mai, ya matsa tiyo har man ya tumbatsa a cikin injin, ya naɗe shi da tabarma, ya ɗaga jinkar sabon rumbunsa ya zura shi, ya yaɓe bakin da laka. Zuliha ta taya shi kwaɓa lakar. Duk zafin bazara da tsawon damina injin na ciki, Mainasara kuwa hankalinsa kwance.

Wata safiya, gero ya fara nuna, wani masunci ya shigo gidan ko sallama bai gama ba.

"Mainasara, ruwa ya shiga gungu! Ɗakuna na faɗuwa. Na ce Inna ta shigo jirgina, ta ce ba ta barin awaki da gero, ɗanta na tahowa da inji."

Mainasara ya fasa rumbu da gatari. Wari ne ya fara tarbarsa, ba warin fetur ba, wani tsami-tsami mai hawa kai. Bai kula ba. Ya saɓa injin zuwa kwata, ya ɗaura a babban jirginsa, ya yi bisimilla ya ja igiya. Shiru. Ya sake ja. Ya ja har tafin hannunsa ya tsage. Mutane suka taru, kowa da tasa: wani ya ce sammu ne, wani ya ce aljanun kogi ne suka yi fushi da aka tare su.

Zuliha ce ta ruga ta kira Bitrus, wani Bakambare da ya koyi kanikanci wajen aikin dam. Bitrus ya sunsuna tankin, ya ɗago ya dubi Mainasara.

"Yaushe rabon da ka tashe shi?"

"Tun ƙaura. Amma cike na ajiye shi, wallahi, ko ɗigo bai rasa ba."

"Cike? Da mai a ciki?"

"To da mi zan cika shi, da gero?"

Bitrus bai yi dariya ba. Ya kwance wani ɗan kofi a ƙasan kabureta, wato inda mai ke taruwa kafin ya shiga inji, ya miƙa masa. Abin da ke ciki ba fetur ba ne. Wani abu ne ja-ja mai danƙo kamar ƙaro, har yana bin yatsa.

"Ka gani, yaya? Fetur ba hatsi ba ne. In ya daɗe a zafi, mai ƙarfin ya tashi ya bar wannan. Hanyar da yake bi ba ta kai kafar allura ba, duk ta toshe. Na tankin ma ya mutu, zubarwa za a yi. Sai na jiƙa kayan cikin kalanzir ya kwana, in nemo sabon mai. Gobe."

Mainasara ya tsaya yana kallon yatsansa. Bakinsa na motsi, ba abin da ke fita sai innalillahi. Da hannunsa ya yi wannan, kuma don kyautatawa ya yi.

Ƙaramin jirgi ba zai ɗauki awaki da gero ba, sai Zuliha ta kwance injin daga babban ta tura wa Bitrus, ta ɗaure zane, ta ɗauki filafilin tuƙi. "Malam, shiga. Ni ma ɗiyar gungu ce."

Ba su gane hanya ba. Kogin da suka sani tun suna yara ya zama shimfiɗa, ba gaɓa, ba tsibiri, sai kawunan giginya suna leƙowa. Iska ta taso da taguwar da ba su taɓa gani a kogi ba, jirgin kuma babba ne, ba na tuƙin mutum biyu ba. Tafiyar da inji ke yi kafin hantsi, sai da rana ta yi ja suka hango kan tsamiya.

Gungun babu shi. A kan dutsen da mata ke shanya a da, Inna Tamada na tsaye, ruwa ya kai mata ƙugu, ɗamin gero a ka. Igiyoyin awaki na ɗaure a hannunta, ba akuya ko ɗaya. Da suka ɗago ta jikinta sanyi ƙalau, ta ƙi sakin ɗamin. Ta dubi bayan jirgin, inda injin ya kamata ya kasance.

"Tun jiya nake jin ƙararshi," ta ce. "In na juya, sai in ga iska ce."

Ba ta taɓa yi masa gori ba. Sanyin ya kama mata ƙirji. Kafin a gama kaka Allah ya karɓi abarsa, aka binne ta a tudu, nesa da mijinta.

Injin ya tashi washegari, kamar yadda Bitrus ya faɗa. Mainasara ya daɗe bai ko dube shi ba. Da ya koma ruwa, shi ke ɗaukar 'yan kasuwa tsakanin Wara da Yelwa har gashinsa ya yi fari. Bai sake barin mai ya kwana a kabureta ba. In zai jingine inji na damina, sai ya juye tanki, ya bar shi ya ƙone na cikinsa, ya rataye shi a inuwa. Duk wanda ya sayi sabon inji a kwatar, ko bai san shi ba, sai ya same shi har gida ya gaya masa. Wasu su gode, wasu su ce tsohon nan ya cika sa ido.

Geron da Inna ta fito da shi a ka, Zuliha ta sussuka, ta cika tukunya har baki, ta barbaɗa toka, ta yaɓe. Da damina ta zo suka shuka shi a tudu, ya fito duka.