Taƙi Ɗaya daga Ƙasa

Har yau ban tabbata ba ko motar nake so ko kallon da za a yi mini. Ja ce, ta hannu, irin ta tsere, wadda wani Bature ya bari a Kaura Namoda. Wata biyu da dawowata daga Ingila, ina gaya wa dillali da ƙarfi cewa da ita zan shiga ƙauyenmu Banga.

Wani tsoho yana sauraro daga gindin bedi. Hularsa ta koɗe, faratansa sun yi baƙi da man inji, kafaɗarsa ɗaya a karkace, kamar ta wanda ya tsufa yana tuƙa babbar mota. Bai nemi a buɗe inji ba. Ya durƙusa da ƙyar, yana auna tsakanin cikin jar motar da ƙasa da tafin hannu. Taƙi ɗaya.

"Baba, ka san irin wannan motar kuwa?" na tambaye shi, cikin muryar da har yanzu nake jin kunyarta.

"Ban san ta ba, ɗana. Hanyarku na sani. Da damana, in ta kafe, tsofaffi ne za su aje hauya su turo ka, har da naka tsohon."