Tsohuwar Wayar da Na Cire a Treichville

Jama'a, abin da zan ba ku labari ba a bakin wani na ji shi ba, da ni ya faru, kuma wallahi tallahi ba zan ƙara masa gishiri ba. Shekarun baya ne, lokacin ina da ɗan shago a Adjamé, can cikin layin masu kayan sauti inda kowa ke ƙure kiɗansa don ya danne na maƙwabcinsa, har in ka tashi da yamma kunnenka ya ci gaba da kuka shi kaɗai. Sana'ata wayoyin sauti, ina sayarwa, ina kuma zuwa gidaje in haɗa wa mutane ampili, wato akwatin ƙara sauti, da bafil, wato sifika, kamar yadda ake ce mata a nan Abidjan.

Ni kuwa a kan waya ba na ɗaukar gardama. Nakan gaya wa mai saye gaskiya: in ampili da bafil suna kusa da juna, kowace waya mai jan ƙarfe na kirki ta ishe ka; in da nisa nemi mai kauri, don siririya shanye sauti take a hanya; wadda ke ɗauko sauti daga rediyo ko talabijin kuwa sai mai sulke a ciki, in ba haka ba ta kwaso maka ƙugin wuta da surutun tashoshin da ba ka gayyata ba. Ka kuma kiyayi alminiyon da aka shafa wa jan launi. Sauran, masu kan zinare da kwali mai ƙyalli, ado ne kawai. Wani zai zo ya rantse mini tun da ya sa mai kan zinare har numfashin mai waƙa yake ji, ni dai in ce masa Allah ya ƙara ji, in ba shi wata.

Wata rana wani mutum ya zo shagona, Laminu sunansa, yana aikin fitar da kaya a tashar jiragen ruwa. Haifaffen nan ne, irin waɗanda in sun fara magana da Hausa sai Faransanci ya ƙwace ta a tsakiya. Ya ce mahaifinsa, Alhaji Idi, tsohon ɗan kasuwar albasa da ya zo daga Nijar tun yana saurayi, ciwon shanyewar jiki ya kwantar da shi, ba ya motsi sai ido, magana kuwa ta ɗauke gaba ɗaya. Abin da ya rage masa na jin daɗi shi ne karatun Alƙur'ani da ake kunna masa daga falo, yana zuwa masa ta wata bafil da ke kusa da kansa, to amma sautin duk ƙugi ne da ƙarau-ƙarau. Yana so in sa wa tsohon waya mafi kyau da ke shagona.

Na tsallaka gada na je gidan, wani tsohon gida mai tsakar gida a Treichville, kusa da unguwar da ake kira Biafra. Da na ga wayar da ke wurin sai da na yi dariya, Allah ya yafe mini. Alhaji ne ya ja ta da hannunsa tun yana da ƙarfi, daga falo, ta bi ƙarƙashin kwano, ta ratsa tsakar gida har ɗakinsa, kuma ba waya ɗaya ba ce, gutsattsari ne aka yi ta ƙullawa: nan wayar fitila, can wayar tarho, gaba wata baƙa kamar ta mota, kowane ƙulli an naɗe shi da tsumman atamfa an ɗaure da zaren buhun albasa. Na yaye ta duka, na ja sabuwa mai kauri, na kunna. Karatu ya fito tas, kamar mai karatun yana zaune a bakin gado. Alhaji yana kwance yana bin hannuna da ido, har na ga hawaye ya gangaro masa, na ce a raina daɗi ne ya kama tsoho. Matarsa, Hajiya, ba ta gida ranar, ta tafi gaisuwar mutuwa. Na nannaɗe tsohuwar wayar na jefa a buhuna, kamar yadda kowane mai sana'armu ke yi, don masu ƙona waya su cire jan ƙarfe suna bi shago-shago suna kwasa.

Bayan 'yan kwanaki ina zaune da hantsi sai ga wata dattijuwa da carbi a hannu tana ratsa hayaniyar layinmu tana tambayar shagona, Laminu na biye da ita kamar wanda aka kamo. Ita ce Hajiya. Na ba ta kujera ta ƙi zama.

Ta ce, "Ɗana, ina wayar maigidana?"

Na shiga yi mata bayani irin namu, kauri da sulke da tsabtar sauti, ta bar ni na gama tsaf, sannan ta ce ita ba sauti ta zo nema ba. Laminu ya ja ni gefe yana sosa ƙeya, ya ce in yi haƙuri, Maman tasa ta gaji ne, sai yanzu take gaya musu wai tun da Baba ya kwanta, in an kashe ampili, takan ji muryarsa ta bafil ɗin falo, yana neman ruwa ko a juya shi, ta ɓoye ne don kada a ce ta taɓu. Wai tun ranar da na canja waya ba ta sake jin komai ba. Abin da ya fi damunsa shi ne tun daga lokacin tsohon ya daina karɓar abinci, ko kunu aka kai bakinsa sai ya datse, sai hawaye, likita ya duba bai ga sabon abu ba, ga shi yana ta ramewa.

Ni a raina na riga na gama fassara abin. Doguwar waya marar sulke kusa da tashar jiragen ruwa, ai dole ta tsinci maganar rediyon wani, tsohuwa mai kewar miji kuma ta ji abin da take so ta ji. Amma yadda take tsaye tana kallona, irin kallon da uwata ke mini in na ɓatar da akuya, ya sa na juya neman wayar. Na leƙa buhu, wayam, an riga an kwashe.

Na bar su a shago na ruga bayan layin dogo inda ake ƙona wayoyi, hayaƙi baƙi ƙirin, wari kamar zai tsaga maka hanci. Na yi ta tonon tsibi da hannu, masu wurin na mini tsiya da Julanci wai zinare na jefar, har Allah ya sa idona ya faɗa kan tsumman atamfar nan. Rabinta ya riga ya ci wuta. Abin da na tsira da shi ba zai ratsa tsakar gida ba.

Da muka koma Treichville na ce bari in ƙara da sabuwa ta kai falo, Hajiya ta ce ko ɗan yatsa kada in ƙara. Sai muka ɗauko ampili da bafil ɗin falon muka ajiye a bakin ƙofar ɗakin Alhaji, na haɗa guntun tsohuwar wayar daga nan zuwa bafil ɗin da ke kusa da kansa, na liƙe bakunan da dalma don kada su sake kwancewa. Don in huta da zargin kaina, ban tsaya ga kashe ampili ba, na zare wutarsa daga bango na riƙe a hannuna. Rana tsaka ce, ana jin mata na daka a maƙwabta, wani mai gyaran takalmi na wucewa yana buga akwatinsa. Ni ina tsaye a dokin ƙofa, bafil ɗaya a gefen ƙafata, fuskar Alhaji a gabana.

Muka yi ta jira har na fara jin kunya a madadin Hajiya. Sai bafil ɗin da ke ƙafata ta yi wani ɗan huci, sannan murya ta fito, ƙasa-ƙasa, muryar tsoho mai kaushi, da Hausar mutanen Adar.

"Hajiya. Ina kika shige? Na yi ta kira."

Wallahi jama'a idona na kan bakinsa. Leɓensa bai motsa ba, maƙogwaronsa bai motsa ba, idanunsa ne kawai suka juyo wajenta. Na san bafil na iya zama abin ɗaukar magana in an yi ihu a cikinta, sana'ata ce, amma sai an yi maganar tukuna, kuma sai da wuta, ga wutar a hannuna. Duk gashin jikina ya miƙe, ban san lokacin da na fara salati ba. Ba tsoro irin na gudu ba ne, wani abu ne da ya sa na ji ni ɗan ƙarami ne ƙwarai a duniyar Allah.

Hajiya ko a jikinta. Ta durƙusa ta ce, "Ga ni, Alhaji. Me ke maka ciwo?"

"Haƙori. Na ƙurya, ɓangaren hagu."

Laminu ya sulale ya zauna a ƙasa daɓas da kayan aikinsa masu guga, yana ta cewa "Baba, c'est toi? Kai ne?" yana kuka kamar yaron goye. Ranar aka kawo mai duba haƙori, ya buɗe bakin tsohon da dabara, ya tarar da na ƙuryar ya ruɓe har ƙasansa ya tara ruwa. Aka yi magani, kafin mako ya zagayo Alhaji ya koma shan kununsa.

Na koma gidan sau da yawa bayan haka, da sunan dubiya, amma gaskiya son sani ke kai ni. Na auna wayar nan da duk abin awon da nake da shi, ba komai a cikinta sai ruɓaɓɓen jan ƙarfe, kowace waya a shagona ta fi ta. A shago na ƙulla gutsattsari irin nata na kai wa wani maƙwabcinmu da mahaifiyarsa ke kwance da irin wannan ciwo, ko tari ba mu ji ba. Alhaji kuma ba mai yawan magana ba ne ta cikinta, ruwa, zafi, a rage fanka, wani lokaci ya tambayi ko albasar bana ta sauko. Hajiya ta mayar da tabarmarta gefen bafil ɗin nan, a nan take tsince shinkafa, a nan take lazimi, in ka shigo ka same ta tana dariya ita kaɗai to wata tsiyar ya yi mata.

Bayan wasu watanni Allah ya karɓi abinsa, da safe. Na je jana'iza, aka sallace shi a ƙofar gida, motoci suka ɗauki hanyar maƙabarta, ina shirin shiga ɗaya aka ce Hajiya na kirana. Na tarar da ita a bakin ɗakin, gado babu kowa, bafil biyun na nan yadda na haɗa su. Mata cike da tsakar gida, ta sa aka sakaya labule. Na ɗauka za ta ce in gyara mata haɗin don ta ci gaba da saurare, har na fara tunanin yadda zan ba ta haƙuri.

Ta ce, "Ɗana, zauna. Ina so in raka shi iyakar inda aka yarda in raka shi. In na ce ka cire, ka cire."

Muka zauna, ita tana jan carbi, ni ina riƙe da almakashin waya. An daɗe ba a ji komai ba sai koke-koken mata a waje. Can sai bafil ta yi hucin nan nata. Muka ji kamar ana jera itace, muka ji ƙasa na zuba, da farko da ƙarfi, daga baya sautin ya yi ta nisa kamar an rufe ka da bargo. Muka ji muryoyin maza sama-sama suna addu'a. Sannan takun ƙafafu, da yawa, suna tafiya, suna raguwa, har na ƙarshe ya ɓace. Shirun da ya biyo baya ban taɓa jin irinsa ba, ni da na ƙare rayuwata cikin ƙara.

A cikin shirun nan Alhaji ya ja numfashi, dogo, irin na mutumin da aka yi wa sallama zai tashi zaune ya amsa.

Hajiya ta ce, "Cire. Wannan ba namu ba ne."

Na datse wayar. Sai da na sake dannawa kafin ta rabu. Hajiya ta ɗora tafinta a kan bafil ɗin ta daɗe a haka, ta san da bakinta ta rufe hanya ɗaya tak da ta rage tsakaninta da mijinta, sannan ta ce Allah ya ba shi ikon amsawa, ta fashe da kukan da ta riƙe tun safe. Guntayen wayar ita ta karɓe su, ban tambaye ta inda ta kai su ba.

Har yau ban san me na gani ba, na tambayi malamai biyu a Treichville, ɗaya ya ce in yi shiru da bakina, ɗaya ya ce Allah ne masani, kuma ina ganin duk sun yi gaskiya. In ka zo shagona yanzu zan gaya maka abin da na saba, kauri da sulke da jan ƙarfe na kirki, don a kan kiɗa da karatu maganar ba ta canja ba. Shawarata gare ku ita ce, in kuna da mara lafiyar da baki ya ɗauke masa, ku matsa kusa, ku dubi idonsa, ku yi ta tambaya har ku dace, don wallahi yana nan ciki yana kira. Ni dai duk ranar da na raka gawa, in aka gama aka juya za a tafi, nakan tsaya in zama na ƙarshe, kuma a hankali nake ɗaga ƙafata.