Anti Lissafi da Kwamfutar da Ke Jiran Amsa

Ƙarfe bakwai da rabi na safe take buɗe ɗan ofishinta da ke tsakanin ɗakin magani da ɗakin awon yara. Sai ta yaye ƙyallen da ta rufe kwamfuta da shi, ta goge gilashinta da bakin mayafi, ta zauna. Haka take yi shekara ashirin da shida a asibitinmu. Anti Lissafi muke ce mata, ita ce mai haɗa ƙididdigar marasa lafiya, kuma Juma'ar nan za ta yi ritaya.

Da can a wani ƙaton jadawali muke zuba bayanan yara, ido ya gaji, a sa nauyi a gurbin shekaru. Anti ba ta yi mana faɗa ba. Ta jawo kujera ta zauna kusa da mu kwana uku tana kallo, sannan ta je ta rubuta 'yan layukan umarni a manhajarta ta ƙididdiga. Yanzu kwamfutar ce ke tambaya, ɗaya bayan ɗaya: watan yaro nawa? Ta tsaya sai ka amsa. Nauyinsa? Ta jira. In an gama ta nuna adadin maganin da ya dace, ta zagayo farko don yaro na gaba.

Ranar gwajin farko mun sha dariya. Yara sun ƙare, kwamfuta ba ta daina tambaya ba, sai da muka cire wayar wuta. Anti ta riƙe haɓa ta ce, "Laifina ne. Na koya mata tambaya, na manta ban koya mata sallama ba." Washegari ta gyara: ka rubuta "gama", ta sake ka. Da wuta ta ɗauke mana bayanan yara tamanin, Anti ta sa kwamfutar tana adanawa bayan kowane yaro.

Ni mai ba da magani ce, kati nake gani, ba yaro ba. Wata Litinin layi ya kai bakin ƙofa, na shigar da yaro ɗan wata takwas, kilo goma sha bakwai kamar yadda katin ya nuna. Kwamfutar ta ƙi wucewa, ta rubuta, "Sake dubawa." Na sake bugawa, ta sake tambaya. Raina ya ɓaci, na leƙa ofishinta.

"Anti, abin nan naki ya tsaya mini a wuya. Mutane na jira."

"Ƙanwata, ɗan wata takwas da kilo goma sha bakwai? Ai ko buhu aka haifa. Kira uwar a sake auna shi."

Aka sake awo: kilo bakwai da ɗigo ɗaya. Mai awon ce ta juya lambobin cikin sauri. Da na wuce, da na ba shi fiye da ninki biyu na maganinsa. Anti ta dafa kafaɗata ta ce, "Ba shi nasa, yi ta aikinki." Ba ta taɓa tayar da zancen ba, uwar yaron ma ba ta san da Anti ba.

Anti, ke ce gishirin aikin nan, ba a ganinki sai an rasa ki. Ke ce kika yarda cewa mai gajiya zai yi kuskure, kika gina abin da zai tare shi ba tare da ya kunyata shi ba.

A makon nan ta bi layukan umarnin nan ɗaya bayan ɗaya, ta rubuta bayani a gefen kowanne, don matar da za ta gaje ta. Na ce ta huta mana. Ta ce, "In na tafi da shi a kaina, me na bari?"

Mun gode, Anti. Allah Ya ba ki lafiya da hutu mai daɗi, Ya saka miki da alheri. Ku kuma masu ƙera mana irin waɗannan kayan aiki, kafin ku rubuta layin farko, ku zo ku ga hannun da zai danna su da layin mutanen da ke tsaye a gabansa.