Ranar da Uwale Mai Markaɗe Ta Tuba

Da damunar bana shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar yayata Binta. Na san da yawan masu karatu ba za su gane wannan suna ba. Amma in na ce Uwale mai markaɗe, duk wanda ya kalli talabijin a zamanin da akwatin baƙi-da-fari ne a yawancin gidaje zai ɗaga kai. Wata ma sai ta ja tsaki tukuna, sannan ta tuna matar ta rasu, ta ce Allah ya jiƙanta. Ni ba na jin haushin tsakin nan, don ita kanta Yaya daɗinsa take ji.

Saboda yaran yanzu, bari in ɗan yi bayani. Uwale wata mata ce a cikin wasan kwaikwayon da ake nunawa duk Alhamis bayan magariba. Injin markaɗe gare ta a bakin layi. Duk yarinyar da aka aiko da wake ko tattasai, kafin ƙullu ya gama zuba Uwale ta tatse ta tas: wa ya ba da cefane, wa bai bayar ba, wace ce ta yi yaji. Daga nan sai ta kashe inji, ta turo ɗankwali gaba, ta nufi gidan da labarin zai fi yin ɓarna. In ta gama zubawa ta ce, "Ni dai ba a bakina kuka ji ba." Auren da matar nan ta kashe a cikin akwati, Allah kaɗai ya san yawansa. Abin haushin kuma, tana yi kana dariya har da riƙe ciki.

Mu a gidanmu na Kazaure mun riga kowa shan wannan dariya. Yaya ba ta bar kowa ba. Mai tallan kifin dam, tsohuwar da ke sayar da daddawa a bayan dutse, duk ta iya muryarsu. Har gyaran muryar Baba takan yi daga zaure, mu watse kowace ta rarumi tsintsiya, sai ga ta ta shigo tana tafa hannu. Baba malamin gona ne, mutum mai tsare gida, kuma bai taɓa son wannan sana'a ba. Da ta yi aure a Kano ta shiga wasan, abin da ya ce kawai shi ne ita da mijinta su suka sani. Amma ran Alhamis in an idar da magariba ba ya tsayawa hira a masallaci. Sai ya dawo ya zauna daidai inda zai hango akwatin ta taga, yana riƙe da rediyon da bai kunna ba.

Yadda suke aikin ma abin faɗa ne, domin nan ne gindin labarin da nake so in bayar. Ba a rubuta musu komai. Shugaban shirin zai tara su a gindin darbejiya ya ce yau wance za ta yi kaza, wane ya fusata, a ƙare a kaza. Sauran zance kowa daga cikinsa zai zaro shi. Na'urar ɗauka guda ce, aro daga sashen labarai, kuma dole a mayar da ita kafin la'asar. Kaset ma ba a samun na biyu. Abin da ka faɗa ya zauna. Yanzu in na ga 'yan mata a layinmu sun kafa waya a kan bokiti suna maimaita sallama sau ashirin don leɓe bai fito daidai ba, sai in ji kamar Yaya na gefena tana cewa, "Saude, wannan wasa suke ko wankin hoto?"

To, a ganiyar tashen Uwale ne Malam Isiyaku ya fito neman aurena. Malamin firamare ne daga wani ƙauye a ƙasar Gwiwa, siriri, mai kunya, in zai yi magana sai ya kalli takalminsa. Na so shi, ba zan ɓoye ba. Har an kawo kuɗin gaisuwa, sa rana ya rage. Maraya ne, kakarsa ce ta raine shi, wata tsohuwar Bafulatana da kowa ke ce wa Dada, kuma ko akuya ba a sayarwa a gidan sai da yawunta.

A ƙauyen akwati ɗaya ne, na gidan dagaci, ana kunna shi da baturin mota a ƙofar gida, maza gefe mata gefe. Dada ba ta fashin Alhamis, kuma duk duniya ba wadda ta tsana kamar Uwale. Wata rana ana cikin kallo sai wata mai ƙaiƙayin baki ta taɓa ta, ta ce, "Dada, kin san kuwa wannan ita ce yayar yarinyar da Isiyaku zai kawo miki?" Tsohuwa ta naɗe tabarmarta, ko ƙarshen shirin ba ta tsaya gani ba.

Isiyaku ya durƙusa ya yi bayani har bakinsa ya bushe. Ya ce wasa ne, kwaikwayo ne, faɗakarwa ce. Dada ta ce masa, "Maigidana, boko ya cinye maka kai. Yarinyar nan da ta kwashe kayanta tana kuka, hawayen ma wasa ne? Ni da idona na gani, ba labari aka ba ni ba. Gidan da ya haifi wannan, ba za a kawo min ƙanwarta ta raba min jikoki ba." Shi kuwa ba zai taɓa yin aure ba da izininta ba, ni ma da ya yi da ya faɗi a idona. Magana ta tsaya cak. Na yi kuka har na rame. Baba kuwa ran Alhamis ya koma tsayawa hira a masallaci.

Da labari ya kai wa Yaya sai ga ta a Kazaure. Ta dube ni ta ce, "Ke dalla share fuska, tsohuwa ɗaya ce za ta gagare ni?" Washegari ta sayi turmin atamfa da ƙwaryar goro, ta shiga motar Gwiwa, daga can ɗan acaɓa ya ƙarasa da ita cikin taɓo. Ni ba ni da hurumin zuwa, amma da ta dawo ta yi mana wasan tafiyar a tsakar gida, ita ce Dada, ita ce kanta, ita ce ɗan acaɓan. Ta ce tana sauka gari ya ɗauka Uwale ta zo. Mata suka leƙo ta kan danga, wata ta janye 'yarta ciki, wata ta ɗaga murya ta ce, "Yau kuma gidan wa aka zo kashewa?"

Dada ba ta kore ta ba. Baƙo baƙo ne. Ta shimfiɗa mata tabarma, ta dama mata fura da nono mai kyau, ta jira ta sha ta ƙoshi. Sannan ta gyara zama ta fara. Ta lissafo mata gidajen da ta rusa ɗaya bayan ɗaya, har waɗanda Yaya ta manta. Ta tambaye ta ko ba ta da uwa. Ta tambaye ta ko ta san akwai kabari. Yaya ta ce tun azahar take neman inda za ta sa baki ta yi bayanin da ta shirya, har inuwa ta juya ba ta samu ba. Can ta lura tsohuwar nan hawaye take yi, da gaske tausayinta take ji. Sai ta ga bayani ba shi da wurin zama. Ta sauka daga tabarma, ta durƙusa, ta ce, "Dada, na tuba."

Dada ta share ido da gefen zane, ta ce, "To madalla. Za mu gani ran Alhamis."

Nan Yaya ta tuna shirin wannan Alhamis an riga an ɗauka, kuma Uwale ba ta taɓa tsiya irin ta ranar ba. Ran Juma'a sai ga Isiyaku a kan babur, ya ajiye atamfar da goron a zaurenmu, ko ɗaya ba a ɓare ba. Ya ce Dada ta ce a gaya wa Uwale bayan gulma ashe har ƙarya ta iya. Ranar na cire rai.

Abin da ya faru a wurin ɗauka na gaba, daga bakin abokan aikinta na ji. An daɗe a shirin ana gina labarin wani Alhaji da matarsa, kuma ranar ce Uwale za ta kai masa gulmar ƙarshe ya yi saki. Duk gari wannan ake jira. Mai fitowa a Alhajin ya zauna ya kumbura, ya tanadi fushinsa. Aka kunna na'ura. Uwale ta yi sallama, ta zauna, ta mayar da ɗankwalinta baya, sai kawai ta fashe da kuka. Ta ce, "Alhaji, duk abin da na taɓa faɗa maka a kan matarka ƙarya ne. Wata tsohuwa a ƙasar Gwiwa ta zaunar da ni, ta ba ni fura, ta tuna min da kabari. Na tuba, ka yafe ni." Bawan Allah ya saki baki. Ya waiga ya ga shugaban shirin yana cizon hularsa, na'ura kuwa tana ta juyawa. Sai ya juyo ya ce, "To... Allah ya yafe mana baki ɗaya." Kafin a gama faɗa da Yaya 'yan labarai sun zo karɓar kayansu. Ko dai a nuna haka, ko Alhamis ta zo ba shiri.

Aka nuna. An ce Dada miƙewa ta yi tsaye a tsakiyar mata tana dukan ƙirji, tana cewa, "Ni ce tsohuwar! Wallahi ni ce!" Kafin mako ya zagayo an sa rana. Bayan an cire amfanin gona aka ɗaura, kuma Dada da kanta ta riƙe hannun Yaya a wurin biki tana zagayawa da ita kamar ta sayo saniya mai kyau.

Sai dai abin bai tafi a banza ba. Bayan biki shugaban shirin ya roƙi Yaya ta bar Uwale ta koma ruwa, ya ce tuban mai gulma ai ba ya daɗewa, masu kallo ma za su fi jin daɗi. Ta ce a'a, Dada na kallo, kuma Saude na zaman aure a gidan Dada. Muddin tsohuwar na da rai ba za ta yi ba. Dada kuwa Allah ya ba ta tsawon kwana, sai da ta goya 'ya'yana huɗu. Uwale mai kirki ba wanda yake son kallonta, tana markaɗe tana yi wa yara nasiha. Shekara ba ta zagayo ba aka rufe shirin. Daga nan Yaya ta koma fitowa a uwar wance ko gwaggon wane, a ba ta carbi ta zauna a kujera ta ce Allah ya yi albarka. Takan ce min ko turmi aka ɗaura wa ɗankwali zai iya wannan aikin. Sunanta bai sake tashi kamar da ba.

Ba wanda ya taɓa iya fahimtar da Dada, daga baya ma aka daina gwadawa. Duk kaka sai ta aika wa Yaya man shanu da gero. In Yaya ta zo ganina ta durƙusa gaida ta, tambayar farko ita ce, "Uwale, ana nan dai kan tuba?" Ita kuma ta sunkuyar da kai ta ce, "Ana nan, Dada."

Nakan tuna wannan in na ga yadda ake yi wa 'yan wasa a yau. Yanzu kowa ya san kwaikwayo ne, ba mai ruɗewa, amma sai ka ga mutum da wayonsa ya zauna a ɗaki yana surfa wa 'yar mutane zagi ta waya, bai san ta ba, ba za ta taɓa ganin fuskarsa ba. Muna yi wa Dada dariyar ƙauyanci, alhali ita sai da ta shayar da mutum sannan ta faɗa masa a gabansa, kuma don ya gyaru ta faɗa. Ina jin da Yaya na nan da ta zaɓi faɗan Dada sau goma. Ina kuma jin da ta buɗe nata shafin a wayar ta hana kowa sakat, don ba ta iya ganin fage ta wuce ba.

Kaset ɗin shirin ba ko ɗaya da ya rage. An ce an yi ta ɗora wasu shirye-shirye a kansu har suka mutu. Jikokina sun bincika a waya ba su samu komai ba, har suna ganin kamar ƙara gishiri nake. Abin da zan iya nuna musu na aikinta shi ne gidan nan: kakansu da ya yi ritaya muka dawo Kazaure, iyayensu, da su kansu masu cika min kunne.

A ciwonta na ƙarshe a ɗakina ta kwanta. Wata safiya ina ba ta kunu na yi ƙarfin hali na yi tambayar da na daɗe ina tsoro. Na ce, "Yaya, kin taɓa yin da-na-sani?" Na zaci za ta ce a'a don ta kwantar min da hankali. Sai ta ce, "Kullum ina kewar matar nan, Saude. Ita ce abin da na fi iyawa a duniya." Hawaye ya zo min. Can ta kama hannuna ta ce, "Da za a sake, haka zan sake yi. Abu ɗaya ne ke cina. Gulmar da na shirya wa Alhajin nan, wallahi ba a taɓa yin irinta ba, kuma ba wanda ya ji ta."

Na ce to ta faɗa min. Ta sa na tayar da ita zaune, ta turo ɗankwali gaba, ta yi min ita daga farko har ƙarshe, ni kaɗai. Na yi dariya har kunun ya zube a zanena.

Ya Allah, ka yi wa Binta rahama, ka haɗa ta da Dada a inda ba sai an yi wa kowa bayani ba.