Ƙarshen Littafin Ya Tafi a Shayi

Ni ba mai karatu ba ne. Aji uku na yi a lakwal aka mai da ni gona. Littafi ɗaya tak na taɓa bi tun daga farko, shi ma ban ga ƙarshensa ba.

Lokacin tawaye ne. Farashin uraniyom ya faɗi, kamfanin haƙarsa ya sallame mu, na koma jan kamyo, babbar motar kaya, tsakanin Arlit da Agadas. Mota ba ta fita sai da rakiyar soja, su kuma ba sa faɗin ranar tashi. Sai mu yini ƙarƙashin mota a tasha muna korar ƙuda.

Wani fasinja ne ya manta littafin a kujerata. Labarin marayu biyu ne, wa da ƙane, da baffansu ya sayar da saniyar gadonsu, suka shiga duniya. Ina karanta wa direbobi da ƙarfi, ina bin layi da yatsa. Shafi guda yakan ci mini azahar har la'asar. Da aka ce marayun sun kwana biyu a daji ba ruwa, wani direba ɗan Tawa ya ce, "Kwana biyu kacal? Su zo su ga famfon unguwarmu."

Mutum ɗaya ne ba ya dariya, tsohon da ke gadin motoci yana dafa mana shayi, Ba'abzine daga wajen Dannet. Shekarar fari ƙanensa ya rasu, ya bar masa 'ya'ya uku da raƙuma ɗaya. Raƙumar ya sayar ya sayi gero. Yaran sun girma, suna gaishe shi, amma ba wanda ya taɓa ɗaga maganar. Kullum sai ya tare ni: "Malam, yaran sun yafe ma baffa?"

"Baba, ka ga dai tafiyar da nake yi. Ba mu kai ba."

Wata rana na bar masa littafin na tafi liƙin taya. Na dawo na tarar littafi ya rame.

"Baba, ina sauran?"

"Gawayi ya ƙi kamawa. Kar ka damu, wanda ka gama na cire. Na farko-farko."

Shi allo ya yi, a wurinsa littafi daga dama yake farawa. Ya riƙe shi kamar na Arabiyya, ya yage ƙarshen kaf.

Ɗan Tawa ya leƙa kofinsa ya ce, "Ashe marayu munka sha. Shi ya sa da ɗaci."

Tsoho ya aje buta. "To yanzu wa zai gaya mini?"

Ni ma baffa ne ya riƙe mu, ni da ƙanena, kuma san huɗar ubanmu a kasuwa ya ƙare. Ba wanda ya sani a tashar. Na ce, "Na leƙa ƙarshen tun jiya. Babban ya yafe. Sai da ya haifi nasa, ya ga yadda gero ke ƙarewa, sannan ya kai wa tsohon buhu. Ƙaramin kuwa har yau in an ambaci saniyar sai ya bar wurin."

Tsoho ya ce, "Ɗaya ya yafe, ɗaya ya ƙi. Nawa uku ne. Na ukun fa?"

"Yana cikin wanda ka ƙona."

Ranar tashi, na tada mota sai ga shi a taga. "In ka dawo ka zo gida ka karanta ma yaran. Daga wurin buhu."

"Wurin buhun ai ya zama toka."

"Ba su iya boko ba. Kai dai riƙe littafin."

Na je. Na buɗe shafin farko, na aza yatsa, na ba su labarin baffana. Mazan biyu suka yi ta kallon ƙasa. Macen ta ce, "Wannan baffan aƙalla saniya ya sayar. Tamu raƙumar ido ɗaya gare ta, kuma cizo take." Ta karɓi butar daga hannun tsohon, ta ce shayinsa ya cika ɗaci, ita za ta dafa.